Kalmar da ta ci mini jika 590 a Balansiya

Shekara talatin na yi ina aikin gwamnati, daga 1979 zuwa 2009, goma sha biyu na ƙarshe kuwa ina shugaban biro. A tsawon wannan zamani na yi imani da abu guda: cewa aiki ba ya tafiya sai da umarni, kuma wanda ya iya ba da umarni ya iya aiki. Ban bar wannan imani a biro ba ranar da na aje aiki. Na ɗauko shi na kawo gida, daga baya na ɗauke shi har ƙasar Sifaniya, inda wata kalma guda ta harshen mutanen can ta karɓe mini shi, bayan ta sa na biya kuɗin makaranta mai tsada. Kalmar ita ce *ordenar*. Labarinta nake so in ba ku, domin ina jin zai amfani ɗan kasuwa, zai kuma amfani ma'aikaci.

Ƙanena ɗan kasuwar aya ne a Maradi. Kowa ya san yadda ayarmu take fita daga gonakin Agye da Gazawa da Cadawa da Madarunfa, amma ba kowa ya san inda wani kashi nata yake ƙarewa ba. A gabashin Sifaniya, bakin Bahar Rum, akwai birnin Balansiya. Mutanen wannan birni suna jiƙa aya, su niƙa, su tace, su sa sukari, su sha da sanyi. Suna ce wa ayar *chufa*, abin shan kuma *horchata*. Kunun aya ne, ba wani abu ba, sai dai su sun mai da shi abin alfahari. Suna noma tasu ayar a arewacin birnin, wajen garin Alboraya, amma abin da suke nomawa ba ya isar masana'antunsu, shi ya sa suke saye daga Afirka ta Yamma, har da Nijar.

A farkon 2011 ƙanena ya samu ciniki na farko kai tsaye da wani mai saye na can, ba tare da dillali ba. Kwantena uku aka ɗora. Kayan suka bi hanyar da ake bi a wancan lokaci, ta Doso da Gaya har tashar jiragen ruwa ta Kwatano. Sharaɗin cinikin shi ne a kai takardun asali hannu da hannu, a fitar da kaya, sannan a biya sauran kuɗi. Ya zo ya same ni ya ce: "Yaya, kai ne ka san takarda, kai ne ka ji Faransanci. Ni in na je can, bebe ne. Ka taimake ni ka je." Na amsa ba tare da na yi wani tunani ba. A raina na ce, mutumin da ya yi shekara talatin cikin dosiye, takardun kwantena uku ne za su gagare shi?

Game da harshe ma ban damu ba. Na sayi wani ɗan littafi na koyon Sifaniyanci a Yamai, na duba shi cikin jirgi, na ga kalmomin sun yi kama da na Faransanci ƙwarai. Dalili kuwa shi ne dukansu ƴaƴan Latinanci ne. Har na tarar da waɗansu da kunnen Bahaushe ya sani: *aduana* ita ce duwan, *almacén* shi ne mangaza, *azúcar* shi ne sukari, dukansu kuma asalinsu daga Larabci. Sai na yanke hukunci cewa Sifaniyanci Faransanci ne da aka liƙa wa "o" da "a" a wutsiya. Rashin sani ya fi dare duhu, amma rabin sani ya fi su duka haɗari, domin mai shi ba ya neman fitila.

Na sauka Balansiya cikin watan Fabrairu, ana sanyi mai shiga ƙashi. Kaya sun riga ni isowa da kwana biyu. Washegari na tafi biron mai sayen, wanda yake manne da mangazarsa a bayan gari. Shi ne kaɗai mai jin Faransanci a gidan, sai na tarar ya yi tafiya, ba zai dawo ba sai bayan mako. Wadda na samu wata dattijuwa ce mai tabarau, ita ke riƙe da takardun gidan. Na gaishe ta da ƴan kalmomin da na haddace, na buɗe jakata, na zube mata abin da ke ciki bisa tebur.

A nan ya kamata in faɗi gaskiyar abin da ke cikin jakar. Takardun da ake bukata iri biyar ne: takardar jirgin ruwa, takardar ciniki, jerin buhuna da nauyinsu, shaidar ƙasar da kaya suka fito, da shaidar lafiyar tsiro. Duk suna nan. Amma suna cakuɗe da takardun motocin da suka kai kaya Kwatano, da rasiɗin kasuwannin ƙauye, da hotunan takardu biyu-biyu uku-uku, har da takardar kuɗin otal ɗina. Haka yaran ƙanena suka miƙo mini su a Maradi, haka na tura su cikin jaka ban duba ba. A biro ban taɓa jera dosiye da hannuna ba. Akwai masu yin wannan. Nawa shi ne in sa hannu.

Dattijuwar ta ɗaga takarda ɗaya, ta ɗaga ta biyu, ta girgiza kai. Ta tattara su ta miƙo mini, ta ce: "*Así no, señor. Ordene usted los papeles y vuelva.*" Na fahimci farkon maganar: ba haka ba, malam. Na fahimci ƙarshenta: ka dawo. Tsakiyar kuwa na tabbata na fi kowa fahimtarta. *Ordene*, ai *ordonner* ce ta Faransanci, wato ba da umarni. *Papeles* kuma takardu. Ashe cewa take in ba da umarni a kawo takardu. Ke nan waɗanda na kawo ba su yi ba, sai an sake waɗansu.

Wani tunani kuma ya zo mini, wanda nake jin kunyar faɗinsa yau. Na san abin da "dosiyenka bai cika ba, ka dawo" yake nufi a bakin waɗansu ma'aikata. Na ce a raina, ashe har nan ma akwai wannan hali. Na fita ina fushi, na zargi matar da abin da ba ta yi ba.

Daga otal na ɗauki salula na shiga aikin da na iya. Na kira ɗan ƙanena, saurayin da ya haɗa takardun, na yi masa faɗan da ban taɓa yi wa ɗan cikina ba. Na ce ya kunyata mu a ƙasar mutane, na ce sakarci ne da rashin kula. Yaron yana ta cewa: "Baba, wallahi duk na sa su a ciki, na ƙirga su da hannuna." Ban saurare shi ba. Na umarce shi ya kama hanyar Yamai a daren nan ya nemo sababbin shaidu. Na umarci wani ya kira wakilinmu na Kwatano. Na umarci ƙanena da kansa ya aiko kuɗi. Kwana shida ina zaune bakin gado ina raba umarni ta waya, jakar kuwa tana ƙarƙashin gadon ban ko buɗe ta ba.

Abin da ban lissafa ba shi ne, kwantena ba ta zama tashar jirgin ruwa kyauta. Akwai ƴan kwanakin da ake yafewa, in sun wuce sai kuɗi ya fara hawa kowace rana, a kan kowace kwantena. Da aka haɗa lissafi daga baya, jinkirin nan ya ci Yuro 900. Yuro guda kuwa sefa 655,957 ne a ƙayyadadden canji, wato kusan jika 590 ke nan, ban da kuɗin motar yaron da kuɗin waya. Hausawa na cewa an gasa wa mutum aya a hannu. Ni dai ayar ƙanena ce na gasa a hannun kaina.

A rana ta bakwai dattijuwar ta aiko a kira ni, domin ita ma hankalinta ya tashi, ba ta san abin da ya hana ni dawowa ba. Ta samo wani ɗan Maroko da ke aikin ɗaukar buhu a mangazar, mai jin Faransanci. Na yi masa bayani cikin isa cewa na riga na ba da umarni, sababbin takardu suna hanya. Ya juya ya gaya mata. Ta cire tabarau ta dube ni. Shi kuma ya yi ƙoƙarin ɓoye dariya, ya ce mini da Faransanci: "Alhaji, ba ta ce ka umarci kowa ba. Cewa ta yi ka jera su. *Ranger*. Ka tsara takardunka ka dawo."

Ba ta yi mini gori ba. Ta ja kujera ta ce in zauna, ta karɓi jakar ta sake zube ta. Ta nuna mini lambar da ke jikin kowace kwantena, haruffa huɗu da alƙaluma bakwai, ta rubuta lambobin uku a kan ƴan takardu uku, ta aza su a jere. Sannan ta riƙa ɗaukar takarda ɗaya-ɗaya tana neman lambar, tana aza kowace inda ta dace. Wadda ba ta shafi kaya ba ta ture ta gefe. Tana yi tana nuna ƙirjinta tana cewa "*yo ordeno*", ni ina tsarawa. Sai ta tura mini rabin tarin ta ce "*usted ordena*", kai kana tsarawa. Na sa hannu. Kafin rabin awa tari uku sun tsaya, kowane da takardunsa cif. Babu ko ɗaya da ta ɓata. Yaron ya yi gaskiya. Ta buga tebur da tafin hannu ta ce "*ordenado*", ya tsaru.

A daren nan na buɗe ɗan littafina da idon mai neman sani, washegari kuma na sayi ƙamus na gaske. Ga abin da na koya, na kuma tabbatar da shi daga bakin masu harshen. *Ordenar* ta fito daga kalmar Latinanci mai nufin jeri ko sahu. Ma'anarta ta farko ita ce aza kowane abu a wurinsa: jerawa, tsarawa, kimtsawa. Uwa tana ce wa ɗanta *ordena tu cuarto*, kimtsa ɗakinka. Ma'ana ta biyu ita ce ba da umarni. Ta uku ta coci ce, naɗa mutum limamin Kirista. Faransanci ma yana da ma'anar tsarawa cikin *ordonner*, amma a bakin yau da kullum *ranger* ta karɓe wannan aiki, ta bar wa *ordonner* umarni. Shi ya sa kunnen wanda ya yi lakwal irin tamu yake jin umarni tun kafin a rufe baki.

Yadda ake rarrabe su ba wuya. A dubi abin da ya biyo bayan kalmar. In abu ne da ake taɓawa da hannu, kamar takardu ko buhuna ko littattafai, to tsarawa ake nufi: *ordené los sacos*, na jera buhuna. In mutum ne ya biyo baya, tare da *que* da aikin da ake so ya yi, to umarni ne: *ordené al chófer que saliera*, na umarci direba ya tashi. Haka nan in aiki ne ya biyo baya, kamar biyan kuɗi ko bincike: *ordenar el pago*, ba da umarnin a biya. Ɗan kasuwa kuma ya kiyaye wannan: a Sifaniya in kana son a kawo maka kaya, abin da Faransanci ke ce wa *commander*, ba *ordenar* za ka ce ba, sai *pedir* ko *encargar*.

Sarrafa ta kuwa mai sauƙi ce, domin tana bin ƙa'idar kalmomin da ke ƙarewa da *-ar* ba tare da karkata ba: *ordeno, ordenas, ordena, ordenamos, ordenáis, ordenan*, wato ni, kai, shi, mu, ku, su. Sai dai a kula da inda murya take faɗawa, abin da ba zai ba Bahaushe wuya ba tunda harshenmu ma yana rarrabe kalmomi da karin sauti. *Ordeno* da nauyi a tsakiya, ina tsarawa. *Ordenó* da nauyi a ƙarshe, ya tsara. Sunan da ke tare da ita ma kashi biyu ne, jinsi ne ke raba su. *El orden*, namiji, shi ne tsari. *La orden*, tamata, ita ce umarni. Mutum mai kimtsi ana ce masa *ordenado*, hargitsi kuma *desorden*. Har na'urar da muke ce wa kwamfuta, a Sifaniya *ordenador* ce, daga *ordinateur* ta Faransanci, sunan da malamin Latinanci Jacques Perret ya ba kamfanin IBM shawara a kansa a 1955. Ma'anarsa mai tsarawa. A ƙasashen Amurka masu jin Sifaniyanci an fi cewa *computadora* ko *computador*.

Da mai gidan ya dawo aka fitar da kaya, ya ji labarin, ya yi dariya har da hawaye. Domin ya wanke mini rai, ranar Alhamis ya ɗauke ni zuwa tsakiyar birni ya nuna mini wani abu da ban manta ba. A ƙofar babbar cocin Balansiya, kowace Alhamis da ƙarfe goma sha biyu na rana, kotun ruwa take zama. Manoma takwas ne, sanye da baƙaƙen riguna, kowane yana wakiltar magudanar ruwa guda daga cikin waɗanda ke ɗebo ruwan kogin Turiya zuwa gonaki. Manoma ƴan uwansu ne suka zaɓe su. Ana kiran sunan kowace magudana, mai ƙara ya fito, a saurara, a yanke hukunci da baki a nan take. Kotun ta yi ɗaruruwan shekaru, kuma a 2009 hukumar UNESCO ta sa ta cikin gadon al'adun duniya. Ranar da na je ba a daɗe ba aka tashi. Na tambayi abokin cinikinmu yadda aka yi mutane suke bin hukuncin da ba soja a bayansa. Ya ce kowace magudana tana da ƙa'idojinta a rubuce, suna ce musu *ordenanzas*, kowane manomi ya san ranar ruwansa da gwargwadon rabonsa tun kafin rigima ta taso. Alƙalan ba sa ƙirƙiro komai, suna mai da abu ne wurin da kowa ya san nan ne wurinsa. A tsaye a wurin na gane abin da ya sa kalma guda ta ɗauki ma'anoni biyun nan, da abin da ya sa tsarawa ta zo gaba. Umarnin da ake bi shi ne wanda ya tarar da tsari a ƙasa.

Na tuna birona. Na tuna tsofaffin da suke zuwa daga ƙauye tun asuba, a ce musu su dawo jibi domin ba a ga dosiyensu ba, alhali dosiyen yana cikin ɗakin, ƙarƙashin wani tari. Na tuna yadda nake fitowa in daka wa sakatare tsawa a gabansu, in koma in zauna ina jin na yi aiki. Ko sau ɗaya ban taɓa tuɓe babbar riga na shiga ɗakin nan na ce a zo mu jera ba. Mutanen Sifaniya suna da suna ga irin wannan shugabanci, suna ce masa *ordeno y mando*, wato na umarta na kuma hukunta. Ba yabo ba ne a bakinsu.

Saura kuskure guda, wanda na yi a daren bankwana. Ina so in nuna na koyi darasi, sai na ce daga yau zan riƙa *ordeñar* takarduna. Tebur ya fashe da dariya. Ashe ƴar alamar nan da ke kan harafin *ñ*, wadda ke sa a faɗe shi kamar "ny", ta mai da kalmar wata dabam: *ordeñar* ita ce tatsar saniya. Na yi dariya tare da su, amma a hanyar otal dariyar ta tsaya mini a wuya. Na san birori inda takarda ba ta tsaruwa, domin a cikin hargitsin ne ake tatsar mai ita. Tsakanin tsara takarda da tatsar ta, a harshen nan, ɗan layi guda ne a kan harafi. A wurinmu ma tazarar ba ta fi haka ba, kuma shugaban da bai san abin da ke cikin ɗakin dosiyensa ba, ko da hannunsa tsarkakakke ne, shi ya buɗe ƙofar.

Da na dawo Maradi, kafin in shiga gidana na wuce gidan ƙanena. Na ce masa jika 590 ɗin nan bashi ne a kaina. Ya ce: "Haba Yaya, wace irin magana ce wannan?" Na ce magana ce ta gaskiya, na kuwa biya shi kaɗan-kaɗan cikin kuɗin hutuna har na gama. Sannan na sa aka kira yaron. A gaban ubansa da sauran yaran mangaza na ce masa takardunsa sun cika, laifin nawa ne, ya yafe mini. Ya sunkuyar da kai ya ce: "Baba, ba komai." Na san akwai komai, domin ya kwana biyu a tashar mota a kan laifin da bai yi ba. Wannan ya fi biyan kuɗin wuya a gare ni.

Tun daga ranar, ni ke riƙe da takardun mangazar. Kowane kaya da jakarsa, kowace jaka da lambarta, abin da ke ciki a rubuce a bayanta. Ni da yaron muke jera su, kuma sau da yawa shi ke gyara mini. Na lura tun da muka fara haka ban cika bukatar ɗaga murya ba.

Ɗan uwa ɗan kasuwa, in aka gaya maka kalma a harshen da ba naka ba, ko ta yi kama da wadda ka sani, ka tambaya kafin ka ɗauki waya. Matambayi ba ya ɓata. Ɗan uwa ma'aikaci, kafin ka ce wa talaka ya dawo jibi, ka leƙa ɗakin dosiye da kanka. Allah ya sa mu gyara, ya ba mu ikon sauke nauyin da aka ɗora mana. Wassalam.